Wuƙaƙe uku a adakar gado: yadda muka tantance ƙarfe mai zane a Marwa

Bayan sadakar arba'in ta wani dattijo, tsohon ɗan kasuwar fata a Marwa da ke arewacin Kamaru, 'ya'yansa suka zauna rabon gado. Gida da fili da shago ba su ba da wahala ba, don masu yi musu kuɗi ga su nan birjik a gari. Abin da ya tsayar da rabon wata tsohuwar adaka ce da aka jawo daga ƙarƙashin gadon marigayin. Ban da tasbaha da tarin takardu, a cikinta akwai wuƙaƙe uku nannaɗe da tsumma. Malamin da ke rabon ya ce wuƙa ba ta gutsuruwa kashi-kashi, sai dai a yi mata kuɗi, wanda ya ɗauka a cire daga kasonsa. To, wa zai yi kuɗin?

Ni aka aiko wa. Na fi shekara ashirin ina sayar da kayan gargajiya a kasuwar masu sana'ar hannu ta Marwa, tun lokacin da Turawa ke sauka su wuce Waza kallon namun daji ko Rumsiki kallon duwatsu. Tun da aka sace iyalin Faransawan nan kusa da Waza a watan Fabrairu na 2013, ƙafa ta ɗauke, cinikinmu ya koma cikin waya. Yanzu hoto ake turawa ta WhatsApp, a yi ciniki da mutumin da bai taɓa riƙe kayan ba. Wannan sauyi shi ne tushen rigimar gidan.

Autan gidan ya ɗauki hoton wuƙar da ta fi kyau ya sa a wayarsa. Kafin la'asar wani dillali daga Injamena ya kira shi, ya ce in dai tsohuwar "damas" ce zai biya sefa dubu 300, kuma da kansa zai tsallako gadar Ngeli ya zo har Marwa. Daga nan gida ya ɗauka an tsinci dami a kala. Sauran biyun, wata wuƙar damtse da wata karkatacciya da tsatsa ta cinye, aka ce a ba maƙeri ya yi lauje da su. Babbar 'yar marigayin ce ta ƙi. Ta ce tun tana yarinya take jin mahaifinsu na cewa karkatacciyar nan Kaka ne ya zo da ita daga Makka. Ƙannenta suka ce, "Yaya, kowane tsohon kaya a garin nan ai daga Makka aka ce ya zo." Gaskiyarsu kuwa, ni ma na sha jin haka.

Abin da ake kira damas

Kalmar daga bakin Faransawa ta shigo kasuwarmu, asalinta kuwa sunan birnin Dimashƙu ne na ƙasar Sham. Larabawa kan ce ruwan takobi yana da "jauhar". Mu a Hausa sai mu ce ƙarfe mai zane. Abubuwa uku ne daban-daban ke shiga rigar wannan suna, kuma tsakanin farashinsu akwai tafiyar kwanaki.

Akwai ƙarfen tukunya, wanda Turawa ke kira wutz. A rufaffiyar 'yar tukunyar yumɓu ake narka shi, a Indiya da Sirilanka da Farisa, ya fito curi guda. Ba a ninka komai. Zanen daga cikin ƙarfen yake tsirowa saboda yawan sinadarin gawayi da ke jikinsa, wajen kashi 1.5 cikin 100, kuma zane ne siriri ƙwarai, kamar sawun ruwa a kan rairayin Mayo Kaliyawo bayan ya janye. Maƙerin da ya ba shi wuta fiye da kima ya kashe zanen ke nan. Sana'ar ta mutu a ƙarni na 19. A 1998 ne John Verhoeven, masanin ƙarfe a Amurka, tare da maƙeri Alfred Pendray suka bayyana cewa ɗan ɓurɓushin wasu sinadarai irin su banadiyam a cikin tamar asali yana da hannu wajen fitowar zanen. Irin wannan ƙarfe, a duk shekaruna a kasuwa, bai fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba wanda ya ratsa ta gabana.

Sai ƙirar ninki, wadda ita ce maganarmu. Maƙeri ya jera fallayen ƙarfe iri biyu, ya ba su wuta har su kusa fari, ya daka su haɗe, ya miƙar, ya ninka, ya sake dakawa. Lissafin yana hawa da sauri: falle 5 in an ninka sau 6 ya zama 320. In ya murɗa sandar, ko ya yi mata ramuka ya daddale, ko ya yayyanka ta da magagari, layukan sai su fito da siffa. Ƙarshe a jiƙa da abu mai tsami, ƙarfe ɗaya ya yi duhu, ɗayan ya tsaya fari. Maƙeran Turai sun yi takubba haka fiye da shekara dubu da suka wuce, mutanen tsibirin Jawa na Indunusiya ma da haka suke ƙera wuƙarsu. A zamanin nan wani maƙerin Amurka, Bill Moran, shi ya dawo da yayinta da ya baje irin waɗannan wuƙaƙe a 1973. Yau maƙeran zamani kan haɗa ƙarfen da ake kira 1084 da wani mai suna 15N20, wanda ke da nikel wajen kashi 2 cikin 100. Nikel ɗin nan tsami ba ya cinsa da sauƙi, shi ya sa yake tsayawa fari tas.

Na ukun bogi ne. Ƙarfe ne gama-gari a shafa masa kakin zuma ko fenti, a zana, a tsoma a asid, ko kuma na'ura ta ƙona zanen a sama. Shekarata ta biyu a kasuwa na sayi irinta da kuɗin da na tara na wata uku, ina yi wa rogo kallon kitse. Tana nan a shagona har yau, da ita nake gwada wa yara bambanci.

Ban tafi gidan ni kaɗai ba. Na ɗauki wani tsohon maƙeri da muke kira Baba, wanda ya gaji ƙira kaka da kakanni, idonsa ya fara rauni amma yatsunsa na gani. Kayan aikinmu ba su cika jakar hannu ba: madubin ƙara girma irin na masu gyaran agogo, tocila, ma'auni, takardar gurza mafi laushi, lemun tsami, jiƙaƙƙiyar kanwa, man keken ɗinki, da tsumma. Sharaɗi ɗaya na kafa kafin mu taɓa komai: duk wani gwaji da zai bar tabo sai da yardar magada gaba ɗaya, kuma ba zai wuce faɗin farce ba.

Ta farko, mai ƙyalli

Tsawonta santimita 32 har da ƙota. Ƙotar fara ce sol, da zobba na farar tagulla, kuben kuwa jar fata ce aikin dukawan Marwa. Zanen ruwan wuƙar da'irori ne cikin da'irori, baƙi da fari, jere reras kamar ɗigon ruwan sama a tafki. Kyau kam ba a magana.

Na fara da bayan wuƙar, ba fuskarta ba. Mai zanen bogi fuska yake yi wa kwalliya, ya manta da baya, ko kuwa ya zana layukan da ba su haɗu da na fuska ba. A nan layuka sirara sun bi bayan tun daga gindi har tsini, kuma in ka bi ɗaya da madubi za ka ga ya gangaro ya shige zanen fuskar. Da izininsu na gurje wuri kaɗan kusa da ƙota har zanen ya ɓace, ƙarfe ya yi fari. Auta ya dafe kai. Na ɗiga lemun tsami, muka zauna muna shan shayi. Kafin a zuba na biyu zanen ya fara dawowa, dishi-dishi, daidai inda yake a da. Na wanke da ruwan kanwa don ta kashe tsamin, na shafa mai. In da bogi ce, wurin nan fari zai zauna har abada.

"Kin ji ko, Yaya? Damas ce ta gaske!" in ji auta.

Na ce masa ninkin gaskiya ne, amma dillalin Injamena abu biyu ya tambaya, damas kuma tsohuwa. Saura na biyun.

Baba ya karɓa ya shafa gindin ƙotar da babban yatsa, ya ce a kawo filaya. Ashe ƙwallon da ke ƙarshen ƙotar noti ne aka yi wa hula. Da aka kwance, ƙotar ta zame, sai ga wutsiyar wuƙar. Ƙarfen ninkin bai fi gaɓar yatsa biyu ya shiga ciki ba, daga nan an jona masa sandar kusa mai zare da waldar lantarki, ƙullin waldar na nan ko gogewa ba a yi ba. A ƙarƙashin zoben akwai busasshen gam mai haske kamar gilashi. Kusa da gindi kuma sawun injin gurza ne, layuka masu tazara ɗaya, abin da hannu da magagari ba sa yi. Baba ya miƙo mini yana murmushi, ya ce, "Ɗana, wannan jikata ta girme ta."

Akwai kuma aibi. Kusa da kaifi, wajen tsakiya, wani layi baƙi mai tsawon rabin yatsa ya buɗe baki kaɗan, farce na maƙalewa a ciki. Wurin da fallaye biyu ba su kama juna ba ke nan, ko wuta ta yi kaɗan ko datti ya shiga tsakani. Irin wannan aiki, ƙotar ƙashi da tagulla da zanen ɗigon ruwa da wutsiyar walda, shi ne wanda ake fitarwa da yawa daga Pakistan, musamman garin Wazirabad da ya shahara da wuƙaƙe, ana sayarwa a intanet da shagunan tsaraba. Hajiya, uwargidan marigayin, da ke jin mu daga bayan labule, ta ce ai wani abokin cinikinsa ne ya kawo masa tsaraba daga Dubai, da kuben ya yage ya ba baduku ya ɗinka wani. Ba wanda ya cuci wani ke nan. Tambayarta ce kawai ba a yi ba.

Auta ya riƙe fata ɗaya, wai ko ƙotar hauren giwa ce. Na nuna masa a madubi: ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe da gajerun tsagi, hanyoyin jini ne na ƙashi. Haure ba shi da su, a yankakken gefensa layuka ne masu giciye kamar saƙar raga. Na ce ya gode wa Allah, don tun da aka hana cinikin haure tsakanin ƙasashe a 1989, ƙotar haure ba ta ƙara wa wuƙa kasuwa, sai dai ta jawo wa mai ita kwana a hannun jami'an gandun daji.

Ta damtse

Wannan ba baƙuwa ba ce. Kube mai zoben fata da ake zura hannun hagu, ƙota naɗe da saƙaƙƙiyar fata, da ɗan ƙarfe da ya leƙo a ƙarshenta, irin wadda ake gani daga ƙasar Tubawa har kewayen Tafkin Cadi. Da muka share ta da mai sai ga layuka baƙaƙe sirara suna bin tsawonta, wasu su yanke, wasu su rabu biyu. Wani daga cikin 'ya'yan ya ce to ga wata damas ɗin.

Baba ya girgiza kai. "Kashin maƙera ne da bai gama fita ba. Wannan tama ce."

Abin da yake nufi shi ne, ƙarfen da aka fitar daga tama a matoya ta gargajiya ba ya fitowa sumul. Dunƙule ne mai ramuka, haɗe da gawayi da kashi, sai an farfasa an tsince, an haɗa gutsattsarin a wuta an yi ta daka. Ragowar kashin shi ke miƙewa ya zama zare-zare. A nan kusa da mu, a tsaunukan Mandara, Mafawa da mutanen Sukur sun daɗe suna wanke baƙin yashi daga rafi suna narkawa. A 1986 wani maƙerin Mafa mai suna Dokwaza ya sake tayar da matoya a gaban masu bincike, aka tarar abin da ya fito gauraye ne, wani sashe ƙarfe mai laushi, wani mai tauri, wani ma narkakke irin na tukunya. Wuƙar da aka ƙera da irin wannan dole ta yi dabbare-dabbare in ta ji tsami. Sai dai ba ado maƙerin ya nufa ba, kuma mai tara kayan tarihi da ya san abin da yake yi ba zai kira ta ƙirar ninki ba.

Darajarta a wani wuri take. Tun da sifirin mota da sauran tarkacen ƙarfe suka wadata, wajen tsakiyar ƙarnin da ya wuce, aka daina wahalar tama. Zaren kashi shi kaɗai ba hujja ba ne, don tsohon ƙarfen Turai ma yana da shi, amma nasa a miƙe yake, mai tsari, saboda injin da ya murza shi. Na wannan a hargitse yake, ga kuma tabon haɗi biyu da Baba ya gano da yatsa. Ɗinkin kuben da tsinken fata aka yi shi, babu zaren roba ko ɗaya. Na rubuta ta a matsayin ƙirar gida ta da, cikakkiya da kubenta na asali.

Macijiya

Haka yaran gidan ke kiran ta ukun. Ba kube, ƙotar kuwa guntun icce ne irin na wuƙar yankan kuɓewa, an cusa tsumma don ta kama. Ruwan wuƙar santimita 35, baƙi ƙirin da tsatsa, yana lanƙwasa dama da hagu. A gefe ɗaya wani ya taɓa bin ta da magagari yana neman kaifi, ya gaji ya bari.

Tun kafin in taɓa ta gabana ya faɗi, saboda gindinta. Ba daidai yake ba: ɓangare ɗaya gajere ne mai kauri, ɗayan ya baje ya yi tsini kamar wutsiyar tsuntsu. Na sa tocila a karkace sai ga wani siririn layi ya ratsa gindin. Wato ƙarfen da ke kwance a can ƙasa daban aka ƙera shi, aka huda, aka zura. Muka zare ƙotar cikin sauƙi. Wutsiyar ba faffaɗa ba ce irin ta wuƙaƙenmu, zagayayya ce kamar fensir.

Baba ya juya ta ya sake juyawa. "Ba ƙirar ƙasar nan ba ce," in ji shi. "Wa zai yi wa wuƙa zagayayyar wutsiya? Kana yanka tana juyawa a hannunka. Wanda ya yi wannan ba yanka ya nufa ba, suka ya nufa." Bai taɓa jin sunan abin ba, amma ya faɗi aikinsa daidai.

Keris ce, wuƙar mutanen Jawa da maƙwabtansu a Indunusiya da Malesiya, wadda hukumar UNESCO ta sa cikin manyan kayan gadon ɗan Adam a 2005. Kowane sashe nata da sunansa a wurinsu. Ƙarfen gindin nan shi ne ganja, zagayayyar wutsiyar pesi, lanƙwasar kuwa luk, kuma a al'adarsu adadin luk mara ne kullum, ba ya zama cika. Muka ƙirga tare da Yaya, muka sami tara. Maƙerinta ana ce masa empu, zanen jikinta kuma pamor.

Saura mu ga ko akwai pamor ɗin a ƙarƙashin tsatsa. A nan na fi yin taka-tsantsan, don abin da ya fi kashe tsofaffin wuƙaƙe a hannun mutanenmu ba tsatsa ba ne, gyara ne. Mutum ya ga baƙi sai ya kai wa mai injin wasa wuƙa, a fito da ita tana walƙiya, an kankare shekara ɗari cikin minti biyar. Wani kuma ya tsoma a ruwan batir. Mu mai muka jiƙa ta da shi kwana biyu, muka bi da buroshin haƙori. Ranar ta uku na zaɓi wuri kusa da gindi, na yi ta shafa lemun tsami ina gogawa da yatsa, ina wankewa da kanwa.

Abin da ya fito bai yi kama da ta farko ba ko kaɗan. Babu baƙi da fari masu faɗa da juna. Wasu tsibirai ne masu launin toka-toka, manya da ƙanana, ba tsari, kowanne da layuka kewaye da shi. In ka ja farce a kai za ka ji tudu da kwari, don a can ana wanke keris da ruwan lemun tsami, galibi a watan Muharram da suke kira Suro, kuma kowane wanki yana ɗan cin ƙarfe mai laushi ya bar mai nikel a tsaye. Bayan wankin sukan shafa wani haɗi mai gubar arsanik da suke kira warangan, shi ke mayar da ƙarfen baƙi ya bar pamor fari. Wannan ban yi ba, ba kuma zan ba kowa shawarar ya gwada a tsakar gida mai yara da kaji ba. Siffar zanen ta yi daidai da wanda suke kira beras wutah, wato zubabbiyar shinkafa, wanda ya fi kowane yawa.

Wata shaidar ta fi zanen ƙarfi a wurina. A bakin kaifi, gefen da magagari bai taɓa ba, akwai siririyar gaɓa ta ƙarfe marar zane da ta leƙo tsakanin fuskokin biyu. Haka ake gina keris: falle mai tauri a tsakiya don kaifi, ƙarfen pamor ya rufe shi ta nan da ta can. Mai kwaikwayo da asid ba ya kawo wannan a ransa.

Yaya ta tambaye ni, "Malam, an ce irin waɗannan da ƙarfen tauraro ake yin su, haka ne?" Auta ne ya karanto mata a waya. Na ce akwai ƙamshin gaskiya. Wani dutse ya faɗo daga sama kusa da Prambanan a tsibirin Jawa a ƙarni na 18, aka kai shi fadar Surakarta, kuma an yi pamor da shi don manyan fada. Amma yawancin keris da ƙarfe mai nikel na ƙasa aka yi su, irin wanda ake samowa daga Luwu a tsibirin Sulawesi. Ido ba ya raba su, kuma duk dillalin da ya rantse maka da tauraro daga ganin hoto, kuɗinka yake kallo. Ban sa wannan a lissafi ba.

Sai batun shekaru, inda nan ne ake yawan zamewa. Har gobe ana ƙera keris, musamman a Sumenep da ke tsibirin Madura, wasu kuma akan jiƙa su a asid su yi kamar sun shekara ɗari uku. Wadda aka tsufar da gangan takan ci ko'ina daidai wa daida, ramukanta masu kaifin baki. Tamu cin da ta yi ba daidai ba ne: tsini ya fi sirancewa, gefen lanƙwasa ya yi sumul, ganja ta ɗan saki, wutsiya ta sirance a inda take gogar ƙota. Wannan ya nuna tsufa na gaske, amma ƙarfe ba ya faɗin shekararsa.

Takardun adakar ne suka taimaka. A cikinsu akwai wata da ta yi ja don tsufa, takardar izinin wucewa da sunan kakansu, da hatimin hukumar Faransa a Fort-Lamy. Sunan garin bai koma Injamena ba sai 1973, mulkin Faransa kuwa ya ƙare a Cadi a 1960, saboda haka tafiyar ta riga wannan shekara. Hanyar sananniya ce: alhazan ƙasar nan kan bi ta Fort-Lamy da Abeshe, su shiga Darfur, su ratsa Sudan har bakin Bahar Maliya, su haye zuwa Jidda, wasu su shekara da shekaru suna aiki a hanya. A Makka kuwa mutanen Jawa sun daɗe da zama da yawa, kuma alhaji in guzuri ya ƙare yakan sayar da abin da ya zo da shi. Na faɗa musu a fili cewa takardar ta tabbatar da tafiyar Kaka, ba ta ambaci wuƙa ba. Abin da ya haɗa su shi ne shaidar Yaya, wadda ta haura sittin kuma ta san wuƙar a ɗakin Kaka tun ba ta isa ɗaukar tulu ba. A takardata na rubuta: keris ta gaske, ƙirar ninki, luk tara, tana gidan nan fiye da shekara hamsin, kuma labarin zuwanta daga Makka ya dace da duk abin da muka gani.

Kuɗin da na yi

A nan murna ta ɗan ragu. Masu tara keris ba ruwan wuƙa kaɗai suke saye ba. Suna duban ƙotar da aka sassaƙa, da zoben da ke tsakaninta da ganja, da kuben katako da suke kira warangka, wanda shi kansa wani lokaci ya fi ruwan tsada. Tamu duk ta rasa waɗannan. Ga ɓarnar magagari, ga pamor ɗin na kowa da kowa ne. Na yi mata sefa dubu 130. Ta damtse dubu 50. Mai ƙyallin dubu 25, rabin wannan ma albarkacin kuben Marwa ne.

Auta bai ji daɗi ba, ya ce dubu 300 ta koma 25 saboda noti ɗaya? Na ce ya tura wa dillalin hoton wutsiyar, ya ji abin da zai ce. Ya tura. Dillalin ya turo hannu biyu na godiya, bai sake kira ba. Da ya ji labarin macijiya ta wani wajen sai ya dawo yana tambaya, amma na gargaɗi magadan cewa Kamaru na da dokar kare kayan tarihi ta 2013, fitar da tsohon abu waje sai da takardar hukumar al'adu, ban da tambayoyin da mai ɗauke da wuƙa zai sha a shingayen hanyar Marwa zuwa Kusiri.

Ba a ma kai ga haka ba. Yaya ta ce a cire dubu 130 daga kasonta. Na nuna mata yadda za ta riƙa shafa mai sama-sama duk bayan wata biyu, ta naɗe da farin ƙyalle, kada ta sa ta a kuben fata don fata na riƙe danshi da damina, kuma takardar Fort-Lamy ta zauna tare da ita a leda, kada a raba su. Ta damtsen babban wansu ya ɗauka. Ni na so in saya, amma wanda ya yi wa kaya kuɗi ba ya sayensu, in ba haka ba gobe a ce ya karya farashi don kansa.

Mai ƙyallin ta zauna a hannun auta, ya ce ko ba komai tsarabar mahaifinsa ce. Da Babbar Salla ta zo ya fito da ita wajen fiɗar rago, abokansa na ɗaukar hoto. Fata ta bi lafiya. Da aka zo haƙarƙari ya sara sau biyu, kaifin ya naɗe daidai wurin baƙin layin nan. Washegari ya kai wa Baba. Baba ya daddale ta a uwar maƙera, ya wasa, ya karɓi sefa 500, ya ce masa ya riƙa yanka albasa da ita.